Ɗaliba ta tambaye ni amfanin mediyan, na rasa amsa na daka mata tsawa

Tambaya:

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamin lissafi ne ɗan kwantaragi a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a nan Damagaram, bana shekarata ta biyu da riƙe alli. Bara sai cikin watan Mayu na kai ga babin ƙididdiga da zanen alƙaluma, na yi shi a gurguje cikin mako guda. Na cika allo da ƙa'idoji, yara suka kwafa. Ana cikin haka wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, tun da muna da mwayen, me kuma za mu yi da mediyan?" Mwayen dai ita ce jimillar alƙaluma a raba da yawansu, mediyan kuma ita ce ta tsakiya in an jera su. Wallahi ban san amsar ba, ni ma haddacewa na yi. Kunya ta sa na daka mata tsawa, na ce ta rubuta abin da ke kan allo. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba, kuma bana ma ina koyar da ajinsu. Sabon ajin segond, wato ajin farko na lise, da aka ba ni ɗalibai 72 ne, ba mu da kwamfuta, littafi ɗaya mutum biyar ke dubawa. Abin nan yana cin raina. Ina zan dosa?

Malami daga Sabon Gari, Damagaram

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka faɗi abin yadda ya faru, ba ka ɗora laifin kan yarinyar ba. Da maganarta zan fara, domin ita ce ta fi nauyi a wasiƙarka.

Ka neme ta cikin wannan makon. A gaban aji ka yi mata tsawa, don haka a gaban aji za ka gyara. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka kira sunanta ka ce, "Bara kin yi tambaya mai kyau, ban ba ki amsa ba domin a lokacin ban shirya mata ba. Yau ga amsarki." Girmanka ba zai ragu ba. Ni ma na taɓa yin irin wannan a farkon aikina, ga wani yaro da ya tambaye ni dalilin da ya sa ake raba jimilla da yawan mutane. Na yi masa shiru, na wuce. Na yi shekaru ina tuna fuskarsa, kuma ban samu damar da kai ka samu ba, domin ya bar makarantar kafin in gane kuskurena. Taka ɗalibar tana gabanka kowane mako.

Ga amsar da za ka ba ta. Ka ce a ɗauka mutum bakwai ne zaune a tabarma ɗaya a bakin Kasuwar Dole, kowa ya faɗi abin da ya samu a yini: sefa 1.000, 1.500, 1.500, 2.000, 2.000, 2.500 da 3.500. Jimilla 14.000, a raba bakwai, mwayen ɗinsu jaka biyu, wato sefa 2.000. Na tsakiyarsu in an jera su daga ƙarami zuwa babba, shi ma jaka biyu. Har nan mwayen da mediyan bakinsu ɗaya, kuma yarinyar tana da gaskiya da ta ga kamar aikin banza ne. Sai ga wani alhaji ya sauko daga mota ya zauna tare da su, shi kuma jaka hamsin ya samu. Jimilla ta koma 64.000, mutane takwas, mwayen ta tashi zuwa jaka takwas. Ka tambayi ajin: a cikin mutum takwas ɗin nan wa ya samu jaka takwas? Babu ko ɗaya. Bakwai ba su kai rabinta ba, ɗaya ya ninka ta fiye da sau shida. Mediyan kuwa tana nan a jaka biyu, ba ta motsa ba. Wanda ya ji mwayen kaɗai zai ce mutanen tabarmar nan sun ji daɗi, alhali aljihun kowa yana nan yadda yake. Idan ka kai nan ka yi shiru, ka bar ita yarinyar ta faɗi amfanin mediyan da bakinta. Za ta iya.

Yanzu ga tushen matsalar. Alƙaluman da ke cikin littafi na wasu mutane ne a wata ƙasa, yaranka ba su san inda aka samo su ba, don haka ba su da tambayar da za su yi musu. Ƙididdiga kuwa da tambaya take farawa, sai a tara alƙaluma, sai a jera su, sai a zana, ƙa'ida ita ce ta ƙarshe. Mu malamai mun saba farawa daga wutsiya. Shawarata ita ce kada ka rubuta ƙa'ida ko ɗaya a allo sai yaran sun riƙe alƙaluman da su da kansu suka tara.

Kuma kada ka jira Mayu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Mayu zafi ya kai maƙura, hankalin makaranta ya koma kan masu jarrabawar fita ta BEPC da BAC, kai ma ka gaji. Yanzu muna farkon shekarar karatu, sabon hatsi yana shigowa kasuwa, lokacin ya dace sosai. Ka raba ajinka ƙungiya-ƙungiya, kowane mako ƙungiya ɗaya ta kawo maka kuɗin tiyar hatsi daga wurin masu awo biyar. A rubuta a bayan wani littafi na musamman da zai zauna a aji. Minti goma a mako ya isa, ba zai taɓa sauran darussanka ba. Kafin ka iso babin, kana da alƙaluman wajen mako talatin, kuma yaran za su ga da idonsu abin da iyayensu suka sani tun tuni: farashi yakan sauka da kaka, ya riƙa hawa in an doshi bazara da damina. Ka sanar da shugaban makaranta da sauran malaman lissafi tun yanzu, don kada wani ya ga yara a kasuwa da takarda ya yi zaton wani abu.

A wannan aikin za ka ci karo da wani abu da babu littafin Faransa da zai gaya maka. Wata ƙungiya za ta rubuta 120, wata ta rubuta 600, kuma duka gaskiya suka faɗa, domin ta farko da dala ta ƙirga, ta biyu da sefa. Dala ɗaya sefa biyar ce, mai awo kuma da dala yake magana. Kada ka gargaɗe su tun farko. Ka bari rikicin ya faru, a zuba alƙaluman a allo, su da kansu su gano inda gizo ke saƙar. Daga ranar ba za ka ƙara wahalar cewa a rubuta ma'auni a jikin zane ba. Haka batun tiyar kanta: ta wannan mai awo an yi mata tozo, ta wancan an share baki. Haka kuma batun wanda aka tambaya. Idan duk masu awo biyar ɗin na bakin ƙofa ne, ko duk ƴan uwan ɗalibi ɗaya ne, farashin kasuwar aka samu ko na kusurwa ɗaya? Wannan ita ce maganar zaɓen samfuri, wadda manyan masana ke rubuta littattafai a kanta, ga ta ta shigo ajinka da ƙafarta.

Ranar da za ka buɗe babin, ka fita da su tsakar makaranta da sanyin safe. Tambayar ranar: minti nawa kowa ke yi daga gida zuwa nan? Na Birni, na Zango, na Garin Malam, na Kara-Kara, kowa ya san tafiyarsa. Ka ja layi a ƙasa da sanda, ka raba shi: ƙasa da minti 10, daga 10 zuwa 20, daga 20 zuwa 30, daga 30 zuwa awa guda. Kowa ya tsaya a sahun da ya dace da shi, ɗaya bayan ɗaya. Sahun da ya fi tsawo shi ne mod, wato wanda ya fi yawan mutane, ba sai ka fassara ba. Sannan ka sa su warware su yi sahu ɗaya daga mai kusa zuwa mai nisa, a riƙa cire mutum ɗaya daga kowane gefe har a rage biyu a tsakiya, na 36 da na 37. Tsakanin waɗannan biyun mediyan take. Yaron da ya taɓa tsayawa a matsayin mediyan ɗin ajinsu ba zai manta da ita a ɗakin jarrabawa ba.

In kun koma aji sai a mayar da abin kan takarda a zanen istogaram, wato kowane rukuni da ginshiƙinsa, ginshiƙan manne da juna, kuma a nan nake so ka daɗe, domin a nan yawancin yara ke faɗuwa. Ka lura rukuni na ƙarshe, daga minti 30 zuwa 60, faɗinsa ya ninka na sauran sau uku. A ce mutum 18 ne a cikinsa. Yaro zai ja masa tsawo 18 da faɗi uku, sai ya cinye rabin takarda, mai kallo ya ɗauka yawancin ajin daga nesa suke zuwa. A istogaram fili ne ke magana, wato tsawo sau faɗi. Don haka tsawon wannan rukunin 6 ne, tun da 6 sau 3 shi ne 18. Ka kwatanta musu da gona: dami 18 daga gona mai faɗi uku ba ɗaya ba ne da dami 18 daga gona mai faɗi ɗaya. Ka kuma nuna musu dalilin da ya sa ginshiƙan istogaram ke manne da juna: lokaci ba ya tsinkewa, tsakanin minti 19 da 20 akwai 19 da rabi. Amma in kana ƙirga yawan ƙannen kowane ɗalibi, sanduna ne a rarrabe, domin babu mai ƙane biyu da rabi.

Ka ce ɗalibanka 72 kamar kana kuka da yawansu. Ga zanen da'ira wannan sa'a ce: 360 a raba 72, kowane ɗalibi digiri 5 ne cif. In 40 na zuwa a ƙafa, kusurwarsu digiri 200. In 8 kabu-kabu ke kawo su, digiri 40. Igiya da alli sun isa su ja da'ira a allo. Kada ka ɓata lokaci mai yawa a nan, yara suna kama shi da wuri.

Mwayen mai nauyi kuwa sun riga ka saninta. Babu ɗan lise da bai iya lissafa mwayen ɗinsa da kowefisiyan, wato nauyin da ake ba kowane darasi, ba, har ma yakan kama kuskuren malami. A ce maki 12 a darasi mai nauyi 4, da 8 a darasi mai nauyi 2: 48 da 16, 64 a raba 6, kusan 10,67. Ka nuna musu cewa ƙa'idar da ke tsorata su a allo, mai alamar sigma, ita ce wannan lissafin da suke yi a bayan littafi kowane zangon karatu. Daga nan ka shiga batun bazuwa. Ɗalibi ɗaya ya ci 9, 10, 11, wani ya ci 3, 10, 17. Duka mwayen 10. Tazarar da ke tsakanin babban maki da ƙarami ta na farko 2 ce, ta na biyu 14. Wa za ka fi dogara da shi ranar jarrabawa? Ƴaƴan manoman da suka zo daga Mirriya ko Tanut za su ba ka misalin da ya fi wannan: damina biyu na iya samun ruwa daidai wa daida a jimilla, ɗaya ta bazu mako-mako hatsi ya yi, ɗaya ta zubo cikin ƴan kwanaki sannan fari ya biyo baya shuka ta ƙone. Sai sun ji wannan a jikinsu kafin ka kawo lissafin karkata daga mwayen da tushen murabba'insa.

Ina roƙonka abu ɗaya da babbar murya. Kada ka tara alƙaluman da za su tona asirin gidan wani. Kada ka tambayi abin da uba ke samu, ko sau nawa ake ɗora tukunya a yini, ko wa ke da waya wa ba shi da ita. A aji mai mutum 72 akwai marayu, akwai wanda ya zo bai karya ba, kuma yara ba sa raga wa juna. Ko makin jarrabawa za ka yi aiki da shi, ka cire sunaye. In tambayar ta ɗan shafi gida, kamar bido nawa na ruwa ake sha a yini, wadda tambaya ce mai ma'ana ƙwarai a garin da ya san wahalar ruwa kamar namu, to kowa ya rubuta a guntuwar takarda ba suna, a jefa cikin hula. Wannan ma darasi ne. Masu ƙidayar ƙasa rantsuwar riƙe sirri ke kansu, kuma yana da kyau yara su san haka tun yanzu.

Bayan sun saba da nasu, sai ka kawo musu na ƙasa. Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. An samu wajen miliyan 5,1, sai miliyan 7,25, sai miliyan 11,06, sai 17.138.707 a ta 2012, inda jihar Damagaram ta zo da 3.539.764, ta fi kowace jiha yawan mutane. Ka ba su lambobi huɗun nan su zana. Mafi yawansu za su jera shekarun da tazara iri ɗaya, alhali tsakaninsu shekara 11 ce, sai 13, sai 11. Ka bar su su yi kuskuren, sannan ka tambaye su ina 1990 take a kan layinsu. In sun gyara, su duba yadda layin ke ƙara miƙewa sama, su yi hasashen inda zai kai, su kuma faɗi abin da zai iya sa hasashen ya ƙi. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana da reshe a nan Damagaram. Ka je da takarda daga makaranta ka nemi abin da suke wallafawa, kuma in da hali ka gayyato ma'aikaci ɗaya ya yi wa yara bayanin aikinsa na rabin awa.

Akwai darasi guda da ba ya cikin manhaja amma ba na yarda a tsallake shi, wato yadda zane ke yin ƙarya ba tare da ya canza lamba ko ɗaya ba. Ka zana sanduna biyu, tiya a sefa 600 da tiya a 650, ka fara ma'aunin tsaye daga 590. Sanda ta farko tsawonta 10, ta biyu 60, ido ya ce farashi ya ninka sau shida. Ka sake zanawa daga sifiri, sai ga ƙarin bai wuce kashi 8 da ɗan wani abu cikin ɗari ba. Yaranka suna ganin irin waɗannan zanuka a WhatsApp da Facebook kullum, masu talla da masu neman ƙuri'a suna aiki da su. Ka koya musu tambayoyin da za su yi wa kowane zane: wa ya tara alƙaluman, mutum nawa aka tambaya, daga ina ma'aunin ya fara.

In ka ga sun fara gajiya, ga abin da ke farfaɗo da aji. Ka ba rabin ajin sakin layi na Hausa, rabi na Faransanci, kowa ya ƙirga sau nawa kowane harafi ya fito. A Hausa harafin a zai yi wa sauran fintinkau, a Faransanci e ne zai zo gaba. Sai ka gaya musu cewa malamin nan Al-Kindi, a Bagadaza cikin ƙarni na 9, da irin wannan ƙirgen haruffa ya nuna yadda ake warware rubutun sirri. Yaran da suka yi makarantar allo sukan ji daɗin sanin cewa wannan ilimin yana da tushe a wurin malaman Musulunci. Ka ƙara musu da labarin likita John Snow a Landan a 1854, wanda ya sa alama a taswira a kan gidajen da kwalara ta yi kisa, aka ga sun taru kewaye da famfo ɗaya, aka cire hannun famfon. Duk wanda ya taɓa ganin amai da gudawa sun shiga unguwa ya san darajar wannan aikin.

Batun kwamfuta kada ya hana ka barci. Takarda mai gida-gida, abin ja layi da fensir sun wadatar, kuma hannun da ya sha wahalar zaɓen ma'auni shi ne zai gane abin da Excel ke yi in ya same shi. In kana da waya, ka sauke GeoGebra, manhajar lissafi ce ta kyauta, ka nuna musu a ƙarshen babi yadda na'ura ke fitar da zanen da suka yi awa guda a kansa, su gwada nasu da nata. Harshe kuwa, jarrabawa da Faransanci za su rubuta ta, don haka kalmomin dole su zauna musu daram. Amma in ka ga idanu sun yi fari, ka faɗi abin da Hausa sau ɗaya, "na tsakiyar sahu", "wanda ya fi yawan fitowa", sannan ka ɗora kalmar Faransancin a kai.

Kai kanka ka zauna daren Asabar da alƙaluman tabarmar nan, ka canza kuɗin alhajin zuwa jaka ɗari, ka ga abin da ya motsa da abin da bai motsa ba, har sai abin ya zama naka. In wata tambaya ta sake fin ƙarfinka a aji, ka ce, "Ban sani ba yau, ranar Litinin zan zo da amsa," ka rubuta ta a kusurwar allo, ranar Litinin kuma ka cika alkawari.

Littafin kuɗin hatsin nan yana bukatar mai riƙe shi, wanda zai riƙa bin ƙungiyoyi yana duba ko dala aka rubuta ko sefa. Tun da kana koyar da ajin yarinyar nan ma, ka buɗe musu nasu littafin, ka miƙa mata shi. In Allah ya kai mu Mayu, ka rubuto mini ka gaya mini makon da tiya ta fi araha, da minti nawa mediyan ɗin tafiyar ajinka ta kama. Allah ya dafa maka, ɗana.